Ɗan Farin da Bai Shiga Ƙidaya Ba

Yakura ɗiyar ƙanwar uwata ce, kuma a bayana ta yi barcin jarirantaka duk lokacin da uwarta, Ya Kaka, ta fita tatsa. Wani ɗan ƙauye suke a bayan Gamu, gidaje kaɗan, rijiya ɗaya, sai shanu. Ni aure ya kawo ni Gure, auren ya mutu, ban koma ba. Na kafa tukwanena kusa da tasha ina sayar da tuwo da shinkafa da wake, kuma har yau a nan nake. Sunana Hamsatu. Duk wanda ya taɓa zama kan bencina ya san ba na iya riƙe magana a ciki.

Yakura kuwa tun tana ƙarama magana ba ta dame ta ba. In aka ci zalinta ba ta kai ƙara, sai ta kwashi kabarta ta koma inuwa ta ci gaba da saƙar tabarma. Hannunta na da kyau, tabarmarta sai ta shekara da shekaru bakinta bai warware ba. Mutane suna cewa Yakura akwai kunya, suna faɗa kamar sun rataya mata zinariya a wuya. Ni ban taɓa ganin abin murna a ciki ba, amma wa ke jin ta bakin bazawara mai tuwo.

A nan kasuwar Gure ta haɗu da Ibram. Yakan kawo rogo da albasa daga lambunsu da ke cikin kwari wajen Bune, ita kuma ta kawo tabarmi. Ya yi ta sayen tabarma har na tambaye shi ko masallaci yake ginawa. Ubansa shi ne Bulama Husseini, mai garin da ake kira da sunansa, Garin Husseini. Aka yi aure kowa na so, ta tare a gidan bulama, inda ba a rasa baƙo a ƙofa, ba a kuma rasa idon da ke kallon surukar gida.

Ta haifi ɗa namiji aka sa masa Muktar. A wajenmu mace ba ta kiran sunan ɗan farinta. Ba ta yi masa wasa gaban mutane, ba ta cewa nawa ne, in ya faɗi gaban surukanta sai ta kau da kai wata ta ɗaga shi. Uban ma haka yake yi. Ɗan fari na kakanni ne, su ke kiran sunansa, su ke tsokanarsa, su ke yi masa magana in magana ta taso. Mata da yawa suna yin wannan da sassauci, su yi a fili su warware a ɗaki. Yakura ta ɗauka da gaske fiye da yadda aka ɗora mata. Yaron nan, haka take cewa, ko wancan. Amma na taɓa shiga ɗakinta ba sallama na tarar ta tusa hancinta cikin wuyansa tana shinshina, idonta a rufe. Tana ganina ta sauke shi kamar tukunyar da ta ƙone ta, ta ce wai ƙurji take dubawa.

Wannan kunyar ita ce duk labarin. Akwai ranar da aka tsayar da yaron gabanta aka tambayi na wa ne, kuma abin da zai samu ya rataya kan kalma ɗaya daga bakinta.

Da ta samu ciki na biyu aka kai Muktar yaye wajen Ya Kaka, kamar yadda ake yi. Tsohuwa ta riƙe shi bayan yayen ya wuce, ta ce shi ke ɗebe mata kewa, ba wanda ya iya musa mata. Sunansa ma ya koma yaron Ya Kaka, a Gamu da Garin Husseini duka. Yakura ta haifi mace, Nuriyya, wadda take iya goyawa ta kira sunanta gaban kowa.

A wannan shekarar 'yan anketa suka sauka Gure, masu bin ƙauyuka gida gida suna tambaya suna rubutawa a tabilet. Suka kama gida bayan tasha, ni nake dafa musu. Cikinsu akwai Jibirilla, wani siririn saurayi ɗan Damagaram mai son yaji, wanda in ya ƙoshi sai bakinsa ya buɗe. A wajensa na koyi abin da suke yi, don ni ba na ciyar da mutum ban san aikinsa ba.

"Inna," in ji shi, "akwai wani siro, ruwan magani mai zaƙi, da ake zaton in aka ba yara masu lafiya sau biyu a shekara, mutuwarsu za ta ragu. Zato ne, ba a tabbatar ba. Mu aikinmu mu gano."

"To ku ba kowa mana, ku huta da yawo."

"In muka ba kowa, da mi za mu gwada? In mutuwa ta ragu wani ya ce damana ce ta yi kyau. In ta ƙaru wani ya ce siron ne ya jawo. Dole a raba garuruwa kashi biyu, rana ɗaya na dukansu, ruwa ɗaya na sauka musu, bambancinsu siron kaɗai."

Rabon da ƙuri'a aka yi shi. Aka tara bulamomi a farfajiyar meri, ofishin magajin gari, aka zuba sunayen garuruwa cikin ƙwarya, wani tsohon liman ya kau da kai yana zarowa. Rabi za su sha na gaske, rabi za su sha wani mai kama da shi, launi ɗaya, zaƙi ɗaya, babu magani a ciki. Kwalaben alama kawai aka yi musu, kuma wanda ya san ma'anar alamar yana can nesa, bai taɓa taka rairayinmu ba.

"Har kai ba ka san wanne ne wanne ba?" na tambayi Jibirilla.

"Har lokotoron da ke kanmu, babbar likitarmu, ba ta sani ba. In na sani, Inna, zuciyata za ta karkata. A garin da nike so ya ci, in aka ce yaro ba shi nan, sai in yi saurin cewa ƙaura ya yi, ban bincika ba. Mutum ne ni."

Na ce masa ba yaro ruwan sukari da sunan magani ai rainin wayo ne. Ya ce sun gaya wa kowane gari haka kafin a dangwala hannu, kuma duk yaron da bai da lafiya likita zai tafi kamar kullum, ba a hana kowa abin da aka san yana warkarwa ba. Ban gamsu duka ba, amma na gane ba shirme suke ba.

Kafin siro sai ƙidaya. Duk yaron da bai kai shekara biyar ba, in mazaunin gari ne, a ɗauki sunansa. Duk zuwan da za su sake yi, su kira sunayen ɗaya bayan ɗaya: yana nan, ya ƙaura, ko ya rasu. Wanda aka haifa ko ya zo zama sai a ƙara shi. Baƙo ne kawai ba a sawa, ba a kuma ba shi, don yau yana garin wannan kwalba gobe yana garin waccan, in wani abu ya same shi ba a san kan wa za a ɗora ba. Garin Husseini ya shiga ƙwaryar. Ƙauyen Ya Kaka bai shiga ba, ya yi ƙanƙanta kuma ya yi nisa.

Ranar ƙidayar farko Jibirilla ya zauna ƙarƙashin dogonyaron ƙofar bulama, mata na zuwa ɗaya ɗaya. Ya tambayi Yakura yara nawa ke kwana ɗakinta. Ta juya masa baya ta nuna goyonta. Ba ƙarya ta yi ba, a ranar Nuriyya ce kaɗai. Na sha juya wannan a raina, ban samu inda zan kama kowa da laifi ba.

Ana nan ƙafafun Ya Kaka suka fara kumbura, har tashi zuwa rijiya ya gagare ta. Kafin saukar ruwa ta ɗora Muktar kan raƙumin wani maƙwabci ta aiko shi gida. Tsohuwa ce mai girman kai, ba ta so surukan ɗiyarta su ji ta gaza. Ga gidan bulama ta aika cewa yaro ya zo ganin gida. Ga Yakura ita kaɗai ta aika da gaskiya, cewa ba za ta iya riƙe shi kuma ba, ya dawo ke nan. Yakura ta karɓi saƙon ta haɗiye. Ta yaya za ta je gaban surukinta ta fara zancen ɗan farinta, ta kuma tona asirin uwarta a lokaci ɗaya? Ta bari sai abin ya bayyana da kansa.

Bai daɗe da dawowa ba motar 'yan anketa ta iso da kwalabe. Abin da ya faru ranar ban gani da idona ba, matan garin suka ba ni, daga baya Yakura ta cike mini sauran.

Tun da safe ta yi wa Muktar wanka, ta shafe shi da mai, ta sa masa rigar salla. Da aka jera yara ta zo kamar wucewa take, ta tura shi da gwiwa cikin layi bayan 'ya'yan maƙwabta, ta koma gefe da Nuriyya a baya. Dabararta ke nan duka: in yana cikin layi za a ba shi, ba sai ta yi magana ba. Akwai wata sanda mai zane-zane da ake tsayar da yaro jikinta, tsawonsa ya nuna yawan siron da zai sha. Aka tsayar da Muktar aka auna. Jibirilla ya duba tabilet bai ga suna ba.

"Wannan na wa ne?"

Mata suka yi 'yar dariya suna satar kallon Yakura. Ita ƙasa take kallo. Wata ta ce, "Yaron Ya Kaka ne."

"Ya Kaka tana ina?"

"Can bayan Gamu."

Bulama Husseini na zaune kan tabarmarsa yana jan carbi. Ganin jikansa ne a gaba sai wasan kaka da jika ya motsa masa. Ya ce, "Wannan ai baƙo ne. Ya zo ya cinye muna hatsi, ya ƙwace mini mata, ya gudu."

Kowa ya yi dariya, har Jibirilla. Ya san wasa ne, shi ma yana da kaka. Shi ya sa ya sake tambaya da gaske. "Bulama, ranka shi daɗe, zama zai yi ko komawa?"

"Tsohuwar nan za ta bar muna shi? Kahin a gama shuka ta aiko a ɗauke mata abinta."

Bulama abin da ya sani ya faɗa. Mutum ɗaya ne a wurin ya san ba haka ba ne, kuma tana tsaye inda in ta miƙa hannu za ta taɓa kan yaron. Surukinta na gabanta, mijinta na tsaye riƙe da igiyar rago, matan gari duk sun zuba ido. "Na ji maganar ta taso," in ji ta daga baya, ta nuna mini maƙogwaronta, "ta zo nan ta tsaya." Jibirilla ya ba yaron alewa ya kama kafaɗarsa ya fitar da shi daga layi a hankali. Rana ta yi, akwai wani gari da ke jiransu.

Aka ba Nuriyya nata. Ɗigo ɗaya ya gangaro mata a haɓa, Muktar ya sa yatsa ya lakace ya lashe. Yakura ta ce wa kanta ba komai, in suka dawo bayan girbi kowa ya riga ya ga yaron ya zauna, bulama da kansa zai faɗa.

Bai kai bayan girbi ba. Ƙarshen damana zazzaɓi ya kama shi da tari, numfashinsa ya koma sama sama. Aka yi jiƙo, aka yi rubutu, da abin ya ƙi Ibram ya ɗaura amalanke zuwa likitar Bune, asibitin yankin. Uwar Ibram ce ta rungume yaron a kan amalanken, don ita ce mai hurumin rungumarsa gaban jama'a. Yakura ta bi su a ƙafa har saman tudun rairayi, ta tsaya, ta juyo gida wajen Nuriyya. Ma'aikatan likita sun yi abin da za su iya. Da la'asar amalanken ya dawo da shi a lulluɓe.

Na je ta'aziyya. Duk wanda ya shigo gidan sai ya gaida bulama da matarsa, ya ce Allah ya ba Ya Kaka haƙuri, wasu har suka ɗauki hanyar Gamu don su yi mata a can. Yakura na bakin turmi tana daka hatsin furar baƙi. Uwa ba ta kukan ɗan fari a fili, wannan na sani. Na ja hannunta zuwa ɗaki na saki labule, na ce, "Ba kowa nan sai ni. Yi kukanki."

Ta zauna bakin gado ta ɗora hannuwa kan cinya. Sannan ta ce, "Babu, Yaya. Na nema."

Ta tashi ta koma wajen turminta. Ni ce na zauna ɗakin na yi kukan, ina jin tabaryarta na sauka ba sauri ba jinkiri.

A nan matan suka ba ni labarin layi da sanda. Na dawo Gure raina a ɓace, ban san ma da wa nake fushi ba, sai Jibirilla ya zo cin abinci na sauke masa duka. Na dire masa kwano har miya ta fantsama. Na ce yaron da ka fitar daga layi a Garin Husseini, uwarsa na tsaye gefenka, ga shi an binne shi. Ya ajiye cokali. Ya tuna yaron, har rigar ya tuna.

"To tunda ba ku ba shi yana da rai ba," na ce, "ku sa shi cikin matattunku. Ɗan garin ne."

"Ba ya yiwuwa, Inna."

"Don mi?"

"Ƙidayar daga masu rai take farawa. Mu ɗauki yaro yana raye, mu bi shi, mu ga abin da ya zama. In muka fara ƙara matattun da muka ji labarinsu daga baya, ba mu ƙara rayayyun da muka tsallake ba, ma'aunin ya karkace. Garin da ke da irinki mai zuwa ta faɗa, sai ya hito da mutuwa fiye da garin da ba shi da mai faɗa. Daga nan duk wahalar da muka yi ta tashi banza, har da ta yaran da suka sha."

Na so in samu ƙarya a maganarsa in jefe shi da ita, ban samu ba. Bai ci abincin ba ranar. Ya kai maganar wajen shugabarsu, daga baya na ji sun sa mace tana keɓe matan aure tana tambayarsu su kaɗai, tana kuma tambayar tsofaffi game da yaran da aka kai riƙo. Ya amfani 'ya'yan wasu.

Da Yakura ta zo kasuwa na gaya mata yadda muka yi da shi, ban rage komai ba. Ta ce, "To." Ta ci gaba da warware tabarminta.

Bayan girbi suka koma garin. Jibirilla ya yi wa bulama gaisuwa, sannan ya zauna ya fara kiran sunaye. Da ya zo ɗakin Ibram ya ce, "Nuriyya?" Yakura ta ce tana nan. Ya ce an samu haihuwa? Ta ce a'a. Tambayoyin ɗakin suka ƙare ke nan. Bai ɗaga kai ya dube ta ba, ita ma ba ta dube shi ba.

Rayuwa ta ci gaba da tafiya yadda take yi. Ya Kaka ta rasu da ciwon ƙafarta. Yakura ta haifi wani namiji, Fadilu, aka ƙara shi cikin ƙidaya ya sha siro. Tana saƙa, tana zuwa kasuwa, tana zama kan bencina. Ba ta rame ba, ba ta haukace ba, ba wanda zai nuna ta ya ce ga mai baƙin ciki. Abin da na lura kawai, da can in na cika gishiri ita ce ke fara yamutsa fuska. Yanzu ko na manta gishirin gaba ɗaya sai ta cinye ta wanke hannu. In Nuriyya ta yi abin dariya sai ta jira wasu su fara, sannan ta bi su.

Da binciken ya ƙare aka ce za a zo a gaya wa mutane sakamako, kamar yadda aka yi alkawari tun farko. Aka tara garuruwan yankin a Garin Husseini, aka kafa rumfa, aka ɗauko ni da tukwanena in dafa wa taro. Shugabarsu ta zo, Madam Balkisa, lokotoro ce, mace mai natsuwa, ta cire takalmi kafin ta taka tabarmar dattawa. Tana magana da Hausa wani yana juyawa da Barbarci. Maza na gaba, mata na baya, ni ina gefe wajen murhu inda nake jin komai.

Ta yi bayani ba gaggawa. Ta ce in ka dubi gari ɗaya ba za ka ga komai ba, yaran sun yi kaɗan, sa'a da rashin sa'a sun isa su rufe maka ido. Amma da aka tara garuruwan duka aka buɗe alamar kwalabe, waɗanda suka sha na gaske sun fi ƙarancin mutuwa. Ta gode wa kowane gari, har waɗanda suka sha na banza, ta ce ba don su ba da ba a san komai ba. Sannan ta juya ga mai masauki ta ce, "Bulama, kafin in faɗi wanda kowa ya sha, ga albishir. A garinka, cikin yaran da muka bi, ba mu rasa ko ɗaya ba."

Wata ta rangaɗa guɗa, wasu suka amsa. Bulama na murmushi yana shafa gemu. Ban ce ya manta jikansa ba, amma taro ne, kuma shi ake yabo.

Sai na ga Yakura ta miƙe daga cikin mata, da Fadilu a baya. Na zaci wajen ruwa za ta. Ta tsaya inda take har guɗar ta lafa.

"Akwai ɗaya," in ji ta.

Muryarta ba ta ɗaga ba, irin wadda take faɗin kuɗin tabarma da ita. Madam Balkisa ta dubi Jibirilla, ya raɗa mata wani abu, fuskarta ta sauya. Ta taho har bakin tabarmar mata.

"'Yar'uwa, ke mi ce gare shi?"

"Ni na haihe shi. Ɗana ne na fari. Sunanshi Muktar."

Wasu tsofaffi suka kama baki. Ibram ya sunkuyar da kai. Murmushin bulama ya tsaya a fuskarsa bai san inda zai kai shi ba. Ni kuwa ludayi na hannuna, na kasa ajiye shi.

Madam Balkisa ta yi mata gaisuwa cikakkiya, irin wadda ake yi wa uwa, ita ce ta farko da aka taɓa yi mata. Sannan ta ce, "Ba zan yi miki ƙarya ba. Ba za mu iya sa shi cikin lissafin ba."

"Na sani. Yayata ta gaya mini." Ta gyara goyonta. "Wanda aka ba garinmu, wanne ne?"

"Na gasken."

"Da ya sha, da yana nan?"

Da ni ce da na ce mata a'a, ajali ne, don ta samu ta zauna. Madam Balkisa ba ta yi haka ba, kuma har yau ban yanke ko na gode mata ko na ji haushinta ba.

"Ban sani ba," in ji ta. "Aikinmu yana iya gaya muna abin da ke samun yara dubbai. Cikin waɗanda suka sha akwai waɗanda suka rasu, cikin waɗanda ba su sha ba mafi yawa suna nan da ransu. Yaro ɗaya kuwa, ba mu da hanyar sani. Wataƙila da ya taimake shi, wataƙila da bai hana ba."

Yakura ta gyaɗa kai kamar an gaya mata hanyar wani gari. Ta ce, "To." Ta zauna. Aka ci gaba da karanta sunayen garuruwa da abin da kowanne ya sha, amma ba a sake guɗa ba.

Bayan an ci an watse, ta zo taya ni wanke tukwane a bayan rumfa. Mata na wucewa suna kallonta suna ƙus-ƙus, na san kafin sati an ce surukar bulama ta zubar da kunya gaban baƙi. Na yi wa guda biyu kallon da ya sa suka ƙara sauri. Ita ba ta ma gan su ba, tana goge gindin tukunya da rairayi.

Na ce, "Kin san ba za su sa shi ba. Mi ya sa kika tashi?"

Ta ci gaba da gogewa.

"Ban taɓa kiranshi ba, Yaya. Tun da aka raɗa mishi sunan har aka kai shi. Na ce bari in ji yadda yake a bakina."

"Yaya kika ji shi?"

Ta ɗauraye tukunyar, ta kife ta kan rairayi, ta jawo wata.

"Ban ji komai ba. Na yi zaton zan ji."